Maƙogwaron Sajan

Shekara ashirin da bakwai ta yi tana goge ɗakin tiyata a babban asibitin garinsu, amma in ka shiga ka tambaye ta da sunanta na gaskiya, kallon-kallo za a tsaya yi. Sajan kowa ya sani. Wani tsohon likita ne ya laƙaba mata sunan, ranar da ta gitta masa sandar mofa a bakin ƙofa ta ce ko shi ya gina asibitin sai ya koma ya canja takalmi. Sunan ya bi ta har gida. 'Ya'yanta ma in sun ga ba ta kusa sukan tambayi juna, "Sajan ta dawo?"

Gajera ce kakkaura, mai ƙananan idanu da ba sa zama wuri ɗaya. Mijinta direba ne, ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku, Auta tana goye. Da bokiti da mofa ta raine su. Mazan biyu suka kama sana'a suka yi nisa, Auta ta zama malamar makaranta, ta yi aure a unguwar da ke bayan tasu.

Aikin Sajan yakan fara ne inda na kowa ya ƙare. In an turo majinyaci waje, likita ya cire safar hannu ya je ya ce wa dangi an yi aiki lafiya, sai ita ta shiga ta tarar da abin da aka bari a ƙasa. Ba ta yi karatu mai nisa ba, amma ta iya karanta kwandon shara. In ta ga ledar allura biyu ko uku da 'yar auduga, ta san da gaske lafiya aka yi. In ta ga kwalabe a warwatse, an tattaka jini da takalmi har gindin ƙofa, an yayyage ledoji an watsar ba a ko kalli kwando ba, ta san an sha gumurzu, ko da kuwa tana jiyo likitan a waje yana dariya. Abin ya zauna mata a jini. Ta kai ko gaishe ta ka yi da fara'ar da ta fi ta jiya, sai ta yini tana tunanin abin da kake nema. In an ce mata zato zunubi ne, sai ta ce, "Na ji. Amma ruwa ba ya tsami banza."

Shekara ɗaya da yin ritayarta ciwon huhu ya kayar da ita. Kwana goma sha ɗaya ta yi ba ta san inda kanta yake ba, an zura mata tiyo ta baki har cikin maƙogwaro, na'ura tana yi mata numfashi. Ta tashi, ta koma gida, kowa ya yi mata barka. Sai bayan wata biyu wani ɗan fito ya fara fita daga wuyanta in ta yi sauri, siriri kamar na butar da ta kusa tafasa.

Kafintan da ke jikin katangarta ta fara zarga. Ta ce ƙurar katakonsa ce, har sai da bawan Allah ya juya teburinsa ya fuskanci titi. Fito bai daina ba. Ta koma kan turaren da Auta ke fesawa, Auta ta daina. A ƙaramin asibitin unguwa aka ce asma ce, aka rubuta mata abin shaƙa. Ta shaƙa sati uku babu sauƙi, ta ce jabu mai kyamis ya ba ta. Aka sayo a wani shagon, ta ce ai bakinsu ɗaya.

"Ni fa na san asma," ta ce wa likitan unguwar da ta koma. Sai da ta huta sannan ta ci gaba. "Mai asma fitar da iska ke ba shi wuya. Ni jawowa ce. Kuma a nan yake, ba a ƙirji ba." Ta ɗora yatsa a ramin wuyanta.

Likitan ya yi murmushi ya ce, "Mama, ki bar mana aikinmu." Ya ƙara mata wani abin shaƙar mai launi daban.

A matakalar benen gidan Auta abin ya fashe. Ta hau takwas, a ta tara ta durƙusa, idanu waje, tana jan iska iskar ba ta zuwa. Surukinta ya cicciɓe ta ya sa a mota, sai babban asibiti.

Aka yi mata hoton wuya. Wanda ya kawo sakamakon babban likitan maƙogwaro ne, mai tumbi da furfura a gefen kai, ɗalibai na biye da shi. Sajan na ganin sa ta gane shi. Ta san shi tun yana ɗalibi. Ranar da ya fara shiga tiyata, yana ganin an tsaga fata ya sulale ya faɗi a kan bokitinta, ita ta ja shi waje ta yayyafa masa ruwa. Tun daga ranar Sumau take kiran sa a zuciyarta.

"Sajan! Yau ke ce a gadonmu?" ya ce, baki har kunne. Ya ɗaga hoton ya nuna mata. "Tiyon nan da ya ceci ranki kwanakin baya, shi ya goge miki maƙogwaro ta ciki. Wurin ya warke da tabo, tabon ya tsuke hanya. Inda ya kamata babban yatsanki ya shige, yanzu da ƙyar bututun biro zai wuce. Za mu shiga ta baki da madubi, mu ɗan tsaga tabon, mu sa wani balan-balan mu hura ya buɗe hanyar. Minti arba'in mun gama. Ƙaramin aiki ne."

Ƙaramin aiki. Ta sha jin kalmar nan, ta kuma san irin sharar da take bari.

"Wato ku kuka ɓata, ku za ku gyara," ta ce.

Ya yi dariya, ɗalibai suka taya shi. Ita dai ta lura bai ce a'a ba.

Ana gobe aiki, da la'asar, wata mata doguwa siririya mai tabarau ta shigo ita kaɗai, ta jawo kujera ta zauna daidai fuskar Sajan. Ta ce ita ce likitar da za ta sa ta barci, ta kuma tsare mata numfashi har a gama. Sajan ba ta san ta ba, bayan ta bar aiki aka kawo ta. Abin ya zame mata biyu. Sumau ba ta yarda da shi ba don ta san shi, wannan kuma ba ta yarda da ita ba don ba ta san ta ba.

Mai Tabarau ba ta yi gaggawa ba. Ta sa ta buɗe baki, ta turo haƙoran ƙasa gaba, ta ɗaga kai, ta juya wuya dama da hagu. Ta tambaya ko akwai haƙori mai girgiɗi. Ta ɗora abin sauraro a wuya maimakon ƙirji, ta daɗe tana ji.

"Mama, in kika kwanta rigingine numfashin yana ƙara wuya, ko?"

Sajan ta harari Auta da ke tsaye a gefen gado. Wata biyu ke nan a zaune take barci, jingine da bango, kuma ba ta gaya wa kowa ba.

"Wa ya gaya miki?"

"Wuyanki ne, tun daga bakin ƙofa." Likitar ta gyara tabarau. "Bari in faɗa miki yadda abin yake, tunda ke 'yar gida ce. Kowa in za a yi masa aiki, mukan sa shi barci, mu tsayar da numfashinsa, mu zura tiyo mu riƙa hura masa. Ke ba zan yi miki haka ba. Tiyon manya ba zai wuce ba, kuma in na tsayar da numfashinki na kasa wucewa, na jefa mu a rijiya. Don haka a kishingiɗe za ki shiga, ba a kwance ba. Zan fesa miki maganin kashe zafi a maƙoshi kina farke. Ɗaci gare shi, za ki zage ni a zuci. Zan sa miki iska mai ƙarfi ta hanci. Barcin kuma kaɗan-kaɗan zan sa shi, ke za ki ci gaba da numfashi da kanki. Hanyar ɗaya ce, kuma mu biyu muke son ta. Likitan maƙogwaro yana son ya yi aiki a ciki, ni ina son iska ta wuce. In ya hura balan-balan hanyar za ta toshe gaba ɗaya na ɗan lokaci. Ni ke ƙirgawa, ni ke cewa ya saki."

"In kin ce ya saki ya ƙi fa? Shi ne babba."

"A kan numfashi ni ce babba."

Sajan ta taɓe baki. Faɗi a nan ba wuya. Ta ga manyan nas-nas da suka fi wannan baki sun zama kurame in babban likita ya daka tsawa.

"Saura abu ɗaya," in ji Mai Tabarau. "In hanya ta toshe, dabarata ta ƙare, za a huda wuyanki ƙasa da tabon a sa bututu. Ba na fata. Amma zan sa a wanke wurin a yi alama tun kafin ki yi barci, kayan kuma su zauna kusa."

Sajan ta ɗago daga jikin matashi. Ta tuna masu ramin wuya da ta sha gani, waɗanda sai sun toshe rami da yatsa kafin su iya cewa a ba su ruwa. Ta juya ga Auta, ta ga babu alamar mamaki a fuskarta.

"Au, kin sani?"

"Umma, jiya ne babban likita ya..."

"An gama shawara da ke, ni aka kawo min saura! To ba za a huda ni ba. Koyon aiki za ku yi a wuyana. Na ga ɗaliban da ya jawo a baya kamar kaza da 'ya'yanta."

Maganar ta ci mata iska. Fiton ya yi ƙarfi har matar gadon kusa ta leƙo. Mai Tabarau ta miƙa hannu ta ƙara iskar da ke zuwa hancinta, ta jira har ƙirjin ya lafa.

"Babu ɗalibin da zai taɓa ki, Mama. Kuma wuyanki ne. In kin ce a'a, a'a zan rubuta. Amma ki sani, in aka kai wurin nan, ba tsakanin rami da rashin rami za a zaɓa ba."

Ba ta ƙarasa ba, kuma Sajan ba ta buƙaci a ƙarasa mata ba. Auta tana share ido da gefen mayafi.

"Sharaɗi biyu," in ji Sajan. "Tukunyar iskar nan ta bayan na'ura, ki buɗe ta a gabana in ga allurarta ta motsa. Na sha ganin ta wayam an jingine ta kamar cikakkiya. Na biyu, duk abin da ya faru a faɗa min. Ba na son an yi lafiya."

"Na ɗauka."

Sai da Auta ta karanta mata takardar amincewa da aikin sau biyu, tana bin layi da yatsa kada a tsallake wani, sannan ta sa hannu.

Da safe nas ta ba matar gadon kusa wata 'yar ƙwaya ta kwantar da hankali, don ita ma tiyata za ta shiga. Sajan ta miƙa tafin hannu, nas ta wuce.

"Tawa fa?"

"Likita ta rubuta kada a ba ki."

To, an fara, in ji Sajan a ranta. Wa aka ajiye wa tawa?

A bakin ƙofar tiyata ta hango Rediyo tsaye da bokiti. Shekara ashirin suka yi suna goge ɗakin nan tare, kuma ba a banza ta ci sunan ba, bakinta ba ya da maɓallin kashewa. Ta rugo tana salati tana jero addu'a. Sajan ta damƙi hannunta ta jawo kunnenta kusa.

"Ke za ki share bayana?"

"Ni ce."

"Ki sa min ido a kwando. Ki ƙirga komai."

Aka tura ta ciki ƙarfe tara da minti goma, ta duba agogon bango ta riƙe. Ƙasa ta fara kallo, ta ga an bar dauɗa a lungun da ita ba ta taɓa bari ba. Sannan ta ɗaga ido. Sumau ya riga ya wanke hannu yana tsaye, ga dogon bututun ƙarfe a kusa da shi. Wannan ya ba ta mamaki, don ta san shi ba ya shigowa sai majinyaci ya yi barci. A kan tire an jera tiyo ƙanana-ƙanana, har da irin na yara. A gefe ga ƙunshin nan na koren ƙyalle da ta san mazauninsa a saman kantar kaya, kayan huda wuya, a ɗaure ba a kwance ba.

Mai Tabarau ba ta jira a tuna mata ba. Ta zagaya bayan na'ura ta murɗa kan tukunyar, ta matsa gefe don Sajan ta gani. Allura ta yi tsalle ta tsaya a sama.

"Ƙwayata fa?" Sajan ta tambaya.

"Tana sanyaya numfashi. Naki kuwa yau ba ni da rarar da zan ba ƙwaya."

Aka shafa mata maganin aidin mai sanyi a wuya, Sumau ya lalubo wurin da yatsa ya ja ɗan layi da biro. Aka fesa maganin. Ɗacin ya fi yadda aka faɗa, kuma ta cika alkawarin zagin. Iska ta riƙa kwarara ta hancinta da ɗumi. Ta ƙudurta ba za ta yi barci ba sai ta ga wanda zai fara taɓa tiren nan. Tana cikin ƙudurtawa komai ya ɗauke.

Abin da ta fara ji da ta farka shi ne iska. Ta ja, ta shiga har ƙasan ƙirji, mai sanyi, ba fito ba kokawa. Ta sake ja. Hawaye suka gangaro mata ba ta shirya ba. Daɗin bai kai minti ɗaya ba hannunta ya tafi wuya. Babu rami, babu bututu. Amma ga wata 'yar filasta daidai kan layin biron. Ta nemi agogo, ta ga sha biyu saura.

Sumau ya leƙo yana goge hannu. "An yi lafiya lau, Sajan! Hanya ta buɗu. Kada ki yi magana yau, ki huta."

An hana ta magana, ba a hana ta ido ba. Minti arba'in ya zama awa biyu da rabi. Idanun Auta sun kumbura sun yi ja, wai ƙura ce ta shiga. Nas-nas suna zuwa duba ta fiye da yadda ake duba mai ƙaramin aiki. Mai Tabarau ta zo ta saurari wuyan, ta ce gobe in kanta ya washe za su yi magana. Gobe, in ji Sajan a ranta. Wato sai an haɗa baki.

Washegari da hantsi Rediyo ta shigo da mofa, ta fake da goge ƙarƙashin gado.

"Ƙawata, Allah ya yi da sauran kwananki," ta raɗa, raɗar da gado uku ke ji. "Koren ƙunshin nan an kwance shi. Wuƙar tana kan tire, an cire ta a leda, amma fes take ba jini. Ledar tiyo huɗu na tsinta, duk a ƙasa, ko ɗaya babu a kwando. Kwalbar zuƙe jini sai da aka canja. Ga sirinji a ƙarƙashin gado kamar an yi ruwansu. Ina waje na ji na'urar nan ta canja kuka, ta koma can ƙasa, kin san irin kukan."

Sajan ta sani. Ta lumshe ido. Biri ya yi kama da mutum.

Ta yini tana ɗana tarko. In Mai Tabarau ta zo, za ta tambaye ta a sanyaye, "Likita, lafiya aka yi?" In ta ce lafiya, sai ta jero mata kayan ɗaya bayan ɗaya a gaban Auta da duk mutanen ɗakin: ƙunshi, wuƙa, leda huɗu, kwalba. Har ta tanadi inda za ta tsaya ta ja numfashi.

Bayan azahar likitar ta shigo, ta jawo kujerar nan, ta ja labule. Sajan ta buɗe baki ke nan ta riga ta.

"Mama, ba lafiya lau aka yi ba. Na yi miki alkawari, ga shi. Hurawar farko ba matsala. A ta biyu tabon ya yi jini, gudan jini ya gangara ya zauna a hanya, maƙoshinki kuma ya damƙe. Iskar da ke jininki ta faɗo daga casa'in da tara zuwa sittin da wani abu. Na ƙara miki barci, na gwada tiyo ɗaya bai wuce ba, na biyu bai wuce ba. Na ce a kwance kayan huda. Likitan maƙogwaro ya yi miki allura a wuya, ita ce filastar nan, wuƙa tana hannunsa. Na ce ya ba ni gwaji ɗaya tak. Na uku, irin na yara, ya wuce. Muka zuƙe jinin, iska ta dawo. Duk abin bai kai minti uku ba. Sauran lokacin jira ne. Na ƙi cire tiyon sai da jini ya tsaya, na kuma ga kina numfashi da kanki."

An cinye wa Sajan tarko da abin da ta ɗana a ciki. Ta laluba ta samo abu ɗaya da ya rage.

"Uku kika ce," muryarta a dishe. "Ledoji huɗu ne."

Mai Tabarau ta cire tabarau ta goge. Sai yanzu Sajan ta ga idanunta tsirara, ta ga ashe ba yarinya ba ce sosai.

"Huɗu ne. Ɗaya ya suɓuce min ya faɗi ƙasa kafin in kai shi bakinki. Hannuna ne ya yi rawa."

Shekara ashirin da bakwai, Sajan ba ta taɓa jin likita ya faɗi haka ba.

"Shi kuma likitan maƙogwaro da ya ce lafiya lau?"

"A wurinsa wanda ya fito da ransa ba rami a wuya, lafiya ce. Amma ki san wannan: da na ce ya tsaya, ya tsaya. Ba kowa ke tsayawa da wuƙa a hannu ba."

"Bai suma ba?"

"Suma kuma?"

"Bar shi kawai."

Likitar ta ciro wani kati daga aljihu ta ba ta. Ta ce duk asibitin da ta je, ko haƙori za a cire mata, ta nuna shi kafin kowa ya sa ta barci. An rubuta inda tabon yake, da girman tiyon da ya wuce, da abin da ya faru. Ta kuma gaya mata tabo irin wannan yakan sake tsukewa, mai yiwuwa a maimaita aikin nan da 'yan watanni, kuma in ta ji fito ya dawo kada ta jira matakala ta kayar da ita.

Tana fita Sajan ta juya katin gaba da baya. Yaren likitoci ne. Auta ta karanta mata. Da aka sallame ta ta kai wa mai kyamis ɗin da ta ce jabu yake sayarwa, shi ma ya karanta. Ta kai wa wani nas mai ritaya a bayan layinsu. Duk uku bakinsu ya zo ɗaya, abin da ya ɗan dame ta.

Amma abin da ya fi cin ta daban ne. Ta yaya Mai Tabarau ta san ta shigo da gaskiya a hannu daidai lokacin da aka ɗana mata tarko? Ta juya abin ta juya, ta ga ƙofa ɗaya ce. Rediyo. Wadda ba ta iya riƙe ruwa a baki, ina za ta riƙe sirri? Lallai ta je ta fesa a ɗakin shan shayi cewa Sajan ta sa a ƙirga mata shara, magana ta kai kunnen likita, likita ta ga ba mafita.

"Umma, don Allah," in ji Auta. "Matar nan ta ceci ranki, ta faɗa miki gaskiya har da wadda ba ki tambaya ba."

"Ban ce ba ta cece ni ba. Cewa na yi wa ya tsegunta mata."

Rediyo ta zo dubiya har gida, Sajan ta amsa gaisuwa a taƙaice ta juya fuska bango. Ta sake zuwa, aka ce mata barci take, alhali tana jiyo tarinta.

Bayan wata biyar fito ya dawo, kamar yadda aka faɗa. Sajan ta ce da ma rabin aiki suka yi don ta komo. Amma ba ta jira ba. Ranar da ta ji shi ta ɗauki kati ta kira surukinta, a ƙofar asibiti kuma ta ce ba mai sa ta barci sai doguwar nan mai tabarau. Aka ce tana wani aikin, sai jibi. Ta ce jibi ba ta da nisa. Wannan karon minti talatin da biyar aka yi, ba filasta, kuma tun daga nan hanyar ba ta sake tsukewa ba. Muryarta dai ba ta koma yadda take ba, ta zauna da ɗan kaushi, wanda jikokinta suka ce ya fi dacewa da ita. Tana hawa benen Auta ba hutu, tana kwanciya rigingine, har ta ce wa kafinta ya mayar da teburinsa inda yake, ko da yake ba ta ba shi haƙuri ba.

Ranar aiki na biyun wata ce ta share ɗakin, don haka ba ta samu rahoto ba. Da yamma sai ga Rediyo a bakin gadonta, ba mofa ba bokiti, ta sha kunu, hannu a ƙugu.

"Ni dai na zo in faɗa miki magana ɗaya in tafi. Wallahi tallahi ban gaya wa likitar nan komai ba. Ko mijina ban gaya wa ba, kuma kin san wannan ba ƙaramin jihadi ba ne a wurina. Wata biyar kina gaba da ni a kan abin da ban yi ba. In ba ki yarda ba, ga ta can, a kira ta."

"In an kira ta ai bayanki za ta bi."

"To ki mutu da zarginki!"

Ta juya za ta fita. Sajan ta kamo gefen zanenta.

"Zauna, kina tara mana mutane." Ta matsa ta ba ta wuri a bakin gado. Rediyo ta zauna tana huci. Suka yi shiru, shirun da bai taɓa wuce minti ɗaya ba a tarihin Rediyo.

"Wa ya share yau?" Sajan ta tambaya.

"Sabuwar nan mai jan takalmi."

"Ta iya ƙirga?"

"Ko lungu ba ta iya gogewa ba."

"To tashi ki je ki duba kafin a kwashe."

Rediyo ta ce ita da kwandon Sajan har abada, ta rantse ta maimaita. Sannan ta gyara ɗankwali ta nufi ɗakin tiyata.